Rabin maki ya tare ni a ɓangaren magana na IELTS, ta ina zan ɓullo?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce, ina aiki a wani asibiti a nan cikin Kano, a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci, musamman ɓangaren magana, don shi ne ya tsaya mini a wuya.

Rajista nake nema da NMC, hukumar da ke ba nas-nas da ungozomomi izinin aiki a Birtaniya. Suna son 7 a sauraro, 7 a karatu, 7 a magana, 6.5 a rubutu, jimilla kuma kada ta gaza 7. Sakamakona ya fito da 7.5 a sauraro, 7 a karatu, 6.5 a rubutu, magana kuma 6.5. Rubutun da kowa yake tsorata ni da shi na haye, sai ga rabin maki a magana ya tare ni. Adashe na ɗauka na biya kuɗin nan, kuma duk wanda ya taɓa biya ya san ba kuɗin wasa ba ne.

Bari in faɗi yadda aka yi, ko wani zai gano inda gizo yake saƙar. Wata mata ce ta yi mini, mai fara'a, ta duba fasfona ta kunna na'urar ɗaukar murya. Kashin farko bai ba ni wahala ba: ina nake zaune, wane aiki nake yi, ina son damina ko rani. Duk na amsa, jimla ɗaya ko biyu in yi shiru in jira ta gaba. Da aka zo kashi na biyu, inda ake ba mutum kati mai ɗauke da batun da zai yi magana a kai na minti biyu, sai aka ce in yi bayanin wani wuri mai cunkoso da na taɓa zuwa. Ta miƙo mini takarda da fensir, minti ɗaya na shiri. Na zaɓi Kantin Kwari ana gab da sallah, wurin da na sani ciki da bai. Na ce akwai mutane da yawa, akwai atamfa da shadda da leshi, akwai zafi, na gaji. Shi ke nan, zance ya ƙare. Ta ɗago ta dube ni, ta yi mini alama da hannu in ci gaba, ni kuwa kaina ya kulle. A kashi na uku ta tambaye ni me ya sa mutane suke barin ƙauye su cunkushe a birni. Da da Hausa ne, wallahi sai ta gaji da ji, domin rabin waɗanda nake jinya labarinsu ke nan. Da Turanci kuwa sai na ji ina fassara a cikin kaina, kafin in haɗa jimla ta uku ta wuce wata tambayar.

Turancin da nake yi kullum na aiki ne: miƙa aiki idan mun tashi daga dutin dare, rubutu a fayil, amsa wa likita lokacin zagaye. Kalmomin ba sa canzawa. Marasa lafiya Hausa suke ji, gida Hausa, adaidaita Hausa. In ka tsiri doguwar hira da Turanci a ɗakin hutawarmu, sai a fara kallon-kallo, a ce iyayi ya motsa. Maigida yana ƙarfafa mini gwiwa sosai, amma ɗan kasuwa ne, sai bayan isha'i yake shigowa a gajiye.

Wata ta ce mini lafazinmu na Kanawa ne ya kayar da ni, wai muddin ina haɗa p da f ba zan ga 7 ba. Wani kuma ya kawo mini wani kundi na amsoshi da aka riga aka rubuta, ya ce in haddace. Akwai masu cewa in bar IELTS ɗin gaba ɗaya in koma OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Kaina ya ɗaure. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, musamman yadda mai aikin dare da yara uku za ta yi shiri ba tare da ta biya wani makudan kuɗin darasi ba.

Malamin Turanci, Kabuga:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sa wahalar ta zama ta ƙarshe. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma daga bayaninki ba na jin lafazi ne ya tare ki. Ke da kanki kin faɗi ciwon: zance yana yanke miki.

Abu huɗu ake aunawa a cikin minti 11 zuwa 14 ɗin nan, kuma nauyinsu ɗaya: sakin harshe da haɗuwar zance, yalwar kalmomi da sa su inda suka dace, nahawu, sai lafazi. Ma'aunin da masu jarrabawar suka wallafa, wanda kowa zai iya sauke shi kyauta, ya bambanta mai 6 da mai 7 a fili. Mai 6 yana da niyyar yin doguwar magana amma tana tsinkewa, yana maimaici, yana tsayawa neman kalma. Mai 7 yana jan zance ba tare da an ga yana naƙuda ba, ko da yana ɗan kuskure nan da can. To idan kin yi shiru tun ba a kai ko'ina ba, ba ɓangare ɗaya kawai kika rasa ba. Kalmominki masu kyau da jimlolinki masu sarƙa suna nan a cikinki, amma matar ba ta ji su ba, kuma abin da kunne ya ji shi ake ba maki.

Akwai abin da tarbiyyarmu take yi mana a ɗakin nan. An raine mu a kan cewa idan babba ko baƙo ya yi tambaya, ka amsa a taƙaice ka sunkuyar da kai. Ɗabi'a ce mai kyau, ba na so ɗalibaina su yar da ita. Amma wannan zaman na musamman ne, an kira ki ne domin ki yi magana, kuma ita mai tambayar an hana ta taya ki hira. Duk tambayar kashin farko ki ba ta amsa, ki ba ta dalili, ki ɗora ɗan misali. Jimla uku ta wadatar. Damina kike so? To me ya sa, kuma yaya layinku yake zama idan an tafka ruwa?

Mu koma Kantin Kwari, don a nan aikin yake. Kin ba ta jerin kaya, alhali labari take jira. Da wa kika je? A ina mai adaidaita ya ajiye ku saboda ya kasa kutsawa? Ga ɗan dako ya ɗauko dila a ka, ya fi shi faɗi, yana ta "hanya, hanya", kowa yana mannewa da bango. Ga baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru suna lissafi a waya. Mai shago ya warware miki turmi uku a kan benci, kin taya ya ce albarka, kin juya za ki tafi ya kira ki ya sallama. Kin zo biya na'urar POS ta ƙi, kin tsaya jiran kuɗin su shiga ga azumi ga rana. An kira la'asar, layin ya tsaya cak saboda an shimfiɗa tabarmi a bakin shaguna. Kin dawo gida yara sun rufe ki suna son ganin kayan sallarsu, gajiyar ta tafi. Wannan ya fi minti biyu, kuma babu abu ɗaya a ciki da ba ki gani da idonki ba. A minti ɗayan shiri kada ki rubuta jimla, lokacin ba zai isa ba. Kalma shida ko bakwai kawai, a jere daga sama zuwa ƙasa: adaidaita, dako, ciniki, POS, sallah, yara. Idan ɗaya ta ƙare ki sauka kan ta gaba. Ki yi ta magana har sai ta dakatar da ke. Dakatarwar ba laifi ba ce, lokaci ne ya cika.

Shi ya sa nake cewa ki ajiye kundin haddar nan. Masu jarrabawar an horar da su su gane hadda, muryar mutum takan canza idan ya hau karatun abin da ya haddace, kuma a kashi na uku tambaya tana bin amsarki ne, babu kundin da zai bi ki can. Abin da za ki tanada shi ne labaranki na kanki, kamar goma: wani mutum da ya yi miki tasiri, wata tafiya, wani biki, wani abu da kika saya, ranar da kika taimaki wani, wani tsohon wuri. Kano ba ta rasa abin faɗa. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ga marinar Ƙofar Mata, ga Dala, ga Gidan Makama, ga Hawan Daushe da Hawan Nassarawa na hawan sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Labari ɗaya yakan shiga kati uku ko huɗu idan kin juya shi. Ba ilimin tarihi ake aunawa ba, amma abin da mutum ya sani shi ne yake zubo masa a baki.

Yadda za ki yi da wayarki, ba tare da ko sisi ba: ki ɗauki kati ɗaya, minti ɗaya na shiri, ki danna ɗaukar murya ki yi minti biyu. Ki saurara. Za ki ji ba daɗi, kowa haka yake ji, ki daure. Ki rubuta abin da kika faɗa kalma da kalma, ki ja layi a inda kika tsaya da inda kika maimaita. Sannan ki sake katin nan dai, ba wani ba. Minti ashirin ke nan, kuma kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Da babbar murya za ki yi, ba a zuci ba. Ba a koyon tuƙin tuwo da kallo, sai hannu ya riƙe muciya.

Lafazi kuwa, ba a ce ki koma Baturiya ba. Ana so a fahimce ki ba tare da wahala ba, kuma mutane da harshen garinsu a bakinsu suna cin 7 har 8. Amma gaskiya ne akwai wuraren da Hausa take ja mana. F ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, a bakin Bakano ma takan kusa zama p. Ta Turanci haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, p kuma sai an rufe leɓɓa an sake su da iska. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinki ki ce pill, za ta motsa da ƙarfi, ki ce fill a gaban madubi ki ga haƙoranki. Ga nas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka v da b. Sai kuma wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, da cinye ƙarshen kalma. Wannan na ƙarshen ya fi p da f tsada, domin yana cin maki biyu. A Hausa aikatau ba ya canzawa don lokaci ya wuce, na tafi, ina tafiya, zan tafi, ɗan abin da ke gabansa ne yake ɗaukar nauyin. Saboda haka idan muna ba da labarin jiya da Turanci sai mu bar ed ɗin ƙarshen aikatau a baya, a rubuta mana kuskuren nahawu da na lafazi a lokaci guda. Ki sa kunne a kan wannan idan kina sauraron muryarki.

Ɗan Fagge:

Anti sannu da ƙoƙari. Ni digiri na biyu nake nema, na yi tawa na samu abin da nake so alhamdu lillahi. Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ni a ganina magana da waya kaɗai ba ta isa. Waya ba ta katse ki, ba ta ce miki "me ya sa?", ba ta kallon ki. Sai kin samu mutum. A asibitinku ba za a rasa 'yan bautar ƙasa ko ma'aikata 'yan kudu da ba sa jin Hausa ba. Ni wani abokina na Sabon Gari na kama, muka yi sharaɗi: minti goma sha biyar, ba Hausa, ba buroka. Sharaɗin burokan nan ki riƙe shi da kyau, in ba haka ba kafin ki ankara hira ta gangara can.

Abin da ya taimake ni kuma shi ne bin bakin mai magana. In kunna shirin BBC na masu koyon Turanci, mai minti shida ɗin nan, in saurari jimla in tsayar in faɗe ta yadda ya faɗa, inda ya danna in danna, inda ya sassauta in sassauta. Mu muna ba kowace gaɓa ƙarfi ɗaya, su kuwa suna danna wata su haɗiye wata. Ki sauke su lokacin da data take da araha, ki sa abin kunne a adaidaita.

Tunda rabin maki ne, me zai hana ki nemi a sake duba miki? Ana da mako shida daga ranar jarrabawa, ana biya, in makin ya ƙaru a dawo miki da kuɗinki. Sannan idan kati ya zo da abin da ba ki taɓa yi ba, ki ƙirƙiro labari kawai, babu mai bincike.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: duk wanda ya biyo ki ta Facebook ko WhatsApp ya ce zai ɗaga miki maki ko ya samo miki takardar sakamako ba tare da kin zauna ba, ki toshe shi. Hukumomin da kike nema wurinsu suna tantance sakamako kai tsaye daga masu jarrabawar. Kuɗi ya tafi, suna ya ɓaci.

'Yar Gwale a Manchesta:

'Yar uwa, na ga saƙonki na ji kamar ni ce. Ni ta OET na bi, ina aiki a nan yanzu, don haka bari in gaya miki yadda take, ki auna da kanki.

A OET maganar aikinmu ake yi. Za a ba ki kati, ke ce nas, wanda ke gabanki ya zama marar lafiya ko ɗan uwansa. Sau biyu ake yi, kowanne minti uku na shiri, kamar minti biyar na magana. Misali uwa ce ta kawo yaro mai asma tana tsoron maganin shaƙa, ko dattijo mai ciwon suga da ya ƙi yarda da allura. Shi wanda kuke maganar ba shi yake ba da maki ba, naɗa ake yi a tura wa masu dubawa. NMC tana son B a magana da sauraro da karatu, C+ a rubutu. Daɗinta shi ne ba za a tambaye ki ra'ayinki a kan zane-zane ko gine-gine ba. Amma kada a ruɗe ki da cewa sauƙi ce. Ke za ki ja ragamar hirar, ki tambaya, ki saurara, ki lallashi, ki tabbatar ya gane, ki bar manyan kalmomin asibiti ki yi bayani da Turancin da tsohuwa za ta fahimta. Wadda zance yake yanke mata a IELTS zai iya yanke mata a nan ma.

Shawarata, kada ki canza. Kin riga kin haye uku, kin san tsarin. NMC tana yarda a haɗa sakamakon zama biyu idan tsakaninsu bai wuce wata 12 ba, in dai a kowane zama kin yi dukkan ɓangarori huɗun, kuma babu inda kika gaza abin da ake nema da fiye da rabin maki. Ke nan 6.5 ɗinki bai ɓata wannan sakamakon ba, yana nan da amfaninsa. Amma ba a haɗa IELTS da OET, in kin koma can daga farko za ki fara. Ki shiga shafin NMC ki karanta sharuɗɗan da idonki kafin ki biya, don sukan sabunta su. Ki tuna kuma shekara biyu sakamako yake yi.

Maganar sake dubawa da ƙanenmu ya kawo, da kin ce kin yi magana har aka dakatar da ke, da na ce ki gwada. Tunda ke da kanki kin san kin tsaya a kati, ni da zan adana kuɗin in haɗa na sabon zama.

Kuma ki bar jin nauyin masu cewa iyayi. Wannan Turancin ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Ranar da kika fara aiki a nan, za ki ɗaga waya ki kira likita da tsakar dare ki yi masa bayanin marar lafiyar da yake rikicewa, a cikin minti ɗaya, ya gane, ya taho. Za ki zauna da iyalan da aka gaya wa labari marar daɗi. Tausayin da kike nuna wa tsofaffinmu da Hausa, shi za ki nuna da wani harshe. Ki fara tun yanzu: duk bayanin da kika yi wa marar lafiya yau da Hausa, in kin samu sarari ki maimaita wa kanki shi da Turanci.

Maman Ilham:

Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna. Malam, na gwada abin da kuka ce bayan sallar asuba, a kicin kafin yara su tashi. Na sake katin Kantin Kwari da kalmomi a jere, har agogo ya buga ban gama ba, ban ma kai kan yaran ba. Da na saurara na ji abin da kuka faɗa da kunnena: na fara da lokacin da ya wuce, ina tsakiyar ciniki sai na dawo yanzu, kuma duk inda na tsaya neman kalma sai "wato" ta fito. Na sake shi ya fi na farko. Na kuma yi magana da wata 'yar bautar ƙasa da ke ɗakin magani, 'yar Enugu, ta amince mu riƙa zama lokacin hutu.

Anti ta Manchesta, maganar haɗa sakamako ta sanyaya mini rai, ban san da ita ba. Zan tsaya a IELTS ɗin, na kuma haƙura da sake dubawar.

Saura abu biyu da suke damuna. Ƙanena Ɗan Fagge ya ce in ƙirƙiro labari, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da shirya ƙarya ba, ko da ta jarrabawa ce, kuma na san in na fara zan daburce. Yaya zan yi idan aka ce in yi bayanin wasan ƙwallon da na taɓa zuwa kallo, ni da ban taɓa shiga filin Sani Abacha ba? Na biyu, idan namiji aka ba ni fa? Ban saba zama ni da baƙon namiji ina kallon idonsa ina zuba ba, kuma in aka tambaye ni game da iyali ba na iya kama sunan maigida. Shin hakan zai rage mini maki? Da hijabina nake zuwa, wancan karon ba a ce komai ba.

Malamin Turanci, Kabuga:

Madalla Malama, kin kama hanya. "Wato" ɗin nan kada ki yaƙe ta da ƙarfi, ki musanya ta da ɗan shiru na numfashi ɗaya, ko ki faɗa da Turanci cewa bari ki ɗan yi tunani. Idan kalma ta ɓace miki, ki zagaya ki kwatanta abin. Iya zagayen nan yana cikin abin da ake ba maki.

Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki faɗi gaskiya da Turanci mai kyau: ban taɓa shiga filin wasa ba, amma na kalli wasan makarantar 'ya'yana, ko kuma ranar da Kano Pillars suke wasa ga yadda unguwarmu take zama, ga abin da ƙanena yake ba ni labari. Kin taɓa katin, kin koma inda kike da abin faɗa. Abin da ba a so shi ne ki ce ban sani ba ki yi shiru. A kashi na uku ma haka: ki faɗi ra'ayinki, ki kawo dalili, ki ba da misali daga asibiti ko unguwa, sannan ki ce amma wasu suna ganin kaza. Tambayar ƙaura zuwa birni da aka yi miki, marar lafiya ɗaya da ya baro gona saboda rashin asibiti a garinsu ya ishe ki misali. In ba ki ji tambaya ba ki ce a maimaita, a kashi na uku har kina iya cewa a fayyace miki abin da ake nufi. Ba a rage maki don wannan.

Kallon ido ba ya cikin abubuwa huɗun da ake aunawa. Ki zauna yadda kika saba, ki dubi wajen da yake, ki dai ɗaga murya don na'ura ta ɗauka, domin sunkuyar da kai yakan tafi da murya. Sunan maigida babu mai tambayar ki, "mijina" ya wadatar. Hijabi ba matsala, fuska kawai ake son gani lokacin hoto da duba fasfo. Amma ki sa wani namiji cikin masu yi miki gwaji, ƙaninki ko maigidan kansa. Ko Turancinsa bai yi nisa ba zai iya karanto tambaya ya riƙe agogo. Ki duba takardarki da kyau kuma, don wani lokaci ranar magana daban take da ta sauran, tana iya zuwa kafin su ko bayansu cikin mako guda. Kada ki yarda ta faɗo washegarin dutin dare, ki nemi musanya tun da wuri.

'Yar Gwale a Manchesta:

Asabar ba na aiki wannan watan. In kin shirya, na tura miki saƙo ta akwatinki, mu yi cikakken gwaji ta waya, kashi uku a jere, ni ce mai tambaya kuma ba zan taimake ki da ko kalma ɗaya ba sai mun gama. Yanzu lokacin sanyi ne, kun riga mu da awa ɗaya, ƙarfe tara na darenku takwas ke nan a nan. Ki tanadi takarda da fensir da fasfonki a hannu, ki sa a riƙe miki yaran na minti ashirin. Katin farko da zan ba ki a kan wani dattijo ne da kike girmamawa, na biyun ba zan faɗa miki ba.